Bahon Inna Ba Na Gero Ba Ne

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna, ta rasu ranar Juma'a da hantsi, garin Wudil cike da 'yan kasuwa. Kafin a tafi masallaci an shirya ta, ana saukowa aka kai ta makwancinta. Allah ya sa can ya fi mata nan.

Gidanmu na Sabon Gari bai taɓa cika irin ta ranar ba. Kowace mace ta shigo, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, maganar ɗaya ce: "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan ta, baiwar Allah mai haƙuri." Ina zaune bakin ƙofar ɗakina da 'yata a cinya ina amsa amin, amma a raina tambaya nake, wace Innar suke nufi? Tamu dai ba ta da haƙuri. Mace ce mai faɗa, mai tsawa, wadda in ta kira ka ba ka amsa ba, kira na biyu har maƙwabta sai sun amsa. Ban ga dalilin da za a yi mata ƙarya don ta mutu ba. Tana da abin yabo na gaskiya da ya ishe ta, ba sai an aro mata na wasu ba.

Da an gama gaisuwa sai a ja gefe a sassauta murya, a zaton ba na ji. "Ai ƙurar fentin nan ce ta cinye mata ƙirji." "Tsohuwa da jikoki, kullum hannu cikin ƙazantar gareji." "'Ya'yan ma sun yi sake." Wata har cewa ta yi da carbi ta riƙe kamar sa'o'inta da yanzu tana nan. Ni ban san abin da ya kashe Inna ba banda ajali, su ma ba su sani ba. Ta tsufa, zazzaɓi ya kwantar da ita, ta tafi. Carbi kuwa tana da shi, a wuya take rataye shi don hannuwanta kullum a jiƙe suke.

A waje kuma wasu mutane ne daban. Masu fentin babur na bakin tasha sun rufe rumfunansu sun zo, faratansu duk shuɗi da ja. 'Yan acaɓa sun jera babura tun daga ƙofar gida har kwana. Maigidana, wanda shi ma acaɓar yake yi, ya ce mini wani dattijo mai fenti da ya fi kowa shan faɗan Inna, shi ya fi kowa kuka a maƙabarta, sai da aka riƙe shi. Su ba wanda ya ce mai haƙuri ce. Tambayar juna suke yi, yanzu wa zai kankare musu.

Na so in leƙa in ce ga ni. Ban samu baki ba, domin da yammacin ranar wan mijina, Yaya Babba, da ya zo daga Kano, ya tsaya tsakar gida ya nuna lungun da Inna take aiki, inda bahunanta suke jingine da katanga, ya ce, "Da an yi addu'ar bakwai a kwashe wannan tarkacen a ba 'yan gwangwan. Aikin nan ya bi mai shi." Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, ta ce, "Ka yi daidai, ɗan nan. Dama abin kunya ne." Ba wanda ya dubi inda nake. Ni kuwa a lungun nan Inna ta koya mini aikin, kuma ban yi niyyar barinsa ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, in faɗi ko wace ce ita da abin da take yi a lungun nan, kar a share wurin a ce ba a taɓa yin komai a cikinsa ba.

Ga wanda bai sani ba, babur ba duka ƙarfe ba ne. Murfin gefe, madigadi, gidan fitila, da duk rigar babur ɗin nan da ake kira roba-roba, roba ce. Wasu kuma faiba ne, irin wanda in ya fashe za ka ga zare-zare fari a ciki kamar gashin masara. In mutum yana so a sake wa babur ɗinsa fenti, dole a cire tsohon tukuna, in ba haka ba sabon ya kumbura ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Ƙarfe ba shi da wuya, ana iya babbaka shi ko a zuba masa tina, ruwan nan mai narka fenti. Roba ba ta ɗaukar wannan. Wuta ta lanƙwasa ta, tina ta narka ta. Sai hannu, sai zama. Masu fenti kuwa ba sa son zama, feshi suke so. Tun mijin Inna yana da rai, yana fenti a bakin tasha, yake kawo mata robobin gida ta kankare. Da ya rasu abokan sana'arsa suka ci gaba da aikowa. Da wannan ta rufa wa kanta asiri, ta raini 'ya'yanta ta aurar da su, har da mai cewa tarkace ne.

Ga yadda take yi. Ta cika baho da ruwa da garin sabulu, ta tsoma kayan su kwana. Da safe ta zauna kan wani tsohon turmi da ta kife, ta ɗauki sakaina tana bin inda fenti ya ɗago tana ɓamɓarewa. Ba ta yarda da wuƙa ko reza ba. "Ƙarfe mugun aboki ne ga roba," in ji ta. "Ya ji mata ciwo a ɓoye, sabon fenti ya zo ya tona." Sakaina kuwa ita take cinyewa, robar ba ta ji komai ba. Daga nan sai samfefa, takardar nan ta gugar fenti, mai kaushi da farko, mai laushi daga baya, kuma duk a cikin ruwa. Inna ba ta taɓa goga samfefa a bushe ba. Ta ce abin da ya tashi sama hanci ne gidansa, abin da ya nutse a ruwa kuwa ka san inda yake. Masu cewa ƙura ta kashe ta, su zo su nuna mini ƙurar. In fentin ya yi taurin kai sai ta shafa masa man birki da tsumma, ta ajiye a inuwa, ta tafi sallah. Ta dawo ta tarar ya yamutse, ta ce, "Ga shi nan ya zama fuskata," ta kankare, ta wanke tas da sabulu don kar maiƙon ya hana sabon fenti kamawa.

Faiba ce take sa ta magana ita kaɗai. "A hankali, 'yar nema. Na san halinki." Domin faiba tana da wata fata mai santsi a ƙarƙashin fenti, in ka wuce ta ka kai ga zaren ka ɓata aiki, ga ƙaiƙayin da zai bi ka har tsakanin yatsu. Ba da ido take gane ta iso ba. Sai ta kawar da kai tana kallon katanga, ta bi da tafin hannu. Ta ce ido rago ne, so yake a ce an gama a tashi.

Tana karanta babur daga fentinsa. Ta kankare kaɗan ta ɗaga mini in gani: "Baƙi a sama, ja a tsakiya, shuɗi a ƙasa. Wannan ya sha hannu. Mai jan nan talaka ne, da buroshi ya shafa abinsa, Allah sarki." Sai ta yi wa mai jan addu'a, mutumin da ba ta taɓa gani ba.

Gab da sallah aiki yake yawa, kowa yana so babur ɗinsa ya yi ƙyalli a hanyar idi. Wata shekara dattijon nan mai fenti ya yi sallama da galan ɗin tina a hannu. Ina jin su daga tsakar gida, ita a bakin soro, shi a waje.

"Uwar gida, sauƙi na kawo miki. Shafawa kawai, fenti ya zube."

"Sauƙin ka kai wa matarka."

"Yaran yanzu duk da shi suke yi fa."

"Shi ya sa robarsu take fashewa in an yi tari kusa da ita."

"Haba! Mutane na jira, sallah ta matso."

"Su je idin da tsohon fenti. Liman yana duba madigadi ne?"

Ya yi fushi ya kwashe kayansa ya kai wa wasu. Bayan sallah ya dawo a sanyaye da buhu, robobin sun yi danƙo, wasu sun murɗe kamar busasshen kifi. Wani zai ce ta yi shiru ta karɓa. Ina! Ta yi masa dariya har goro ya sarƙe ta, ta kira ni in zo in ga sauƙi. Sannan ta zauna ta ware waɗanda za su gyaru, ta yi ta fama da su, ba ta taɓa wani aiki ba sai da ta fitar da shi kunyar masu babura.

Wata rana kuma wani saurayi da ba mu sani ba ya zo da buhu. Ya zazzage a soro: rigar roba-roba ce ja, sabuwa fil, ko ƙwarzane babu.

"Hajiya, so nake a kankare yau-yau."

"Ban je Makka ba tukuna. Fentin nan me ya yi maka?"

"Kalar ce ba ta yi mini ba."

"Da ka saya, idonka a aljihu yake?"

"Haba Mama, ke dai ki yi aikinki."

"Ni na haife ka? Je ka zo da mai babur ɗin, ko ka zo da mai unguwa, sai in kankare."

Ya tattara buhunsa da sauri. Ta bi shi har ƙofar gida tana ɗaga murya, "Jama'a, ku dubi fuskarsa da kyau!" Maigidana ya yi ta faɗa, ya ce wata rana sai ta jawo mana bala'i. Ni kuwa na daɗe ina jin motsi a soro ko iska ce ta kaɗa. Ita ko a jikinta. Ta ce, "Tsohon fenti nake cirewa, ba haƙƙin mutane ba."

Yadda na shiga aikin shi ne alherin da ba zan manta ba. Ina da ciki ta hana ni ko wucewa ta lungun. Da na haihu aka sa wa yarinyar sunanta, shi ya sa ba na iya kiran sunan 'yar da na haifa, ita kuma Inna take ce mata takwara. Na dawo daga wankan jego a gidanmu na Achika da wani tsoro da ban san daga inda ya zo ba. Yarinya na barci, ina kai yatsa hancinta in ji ko tana numfashi. Ta yi atishawa, in ce shi ke nan. Ta yi shiru, in ce shi ke nan. In ɗora tukunya in manta, ina tsaye a kanta ina kallon ƙirjinta. Matan unguwa suka mai da ni abin dariya, Gwaggo ta ce a nemo mini rubutu, maigidana ya gaji da rarrashi. Inna da take faɗa a kan komai, a kan wannan ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Wata safiya ta shimfiɗa tabarma can nesa, gindin bishiyar darbejiya, ta kwantar da takwararta, ta dawo ta jefo mini samfefa.

"Zo zauna nan. Kina hango ta?"

"Ina hangowa, Inna."

"To ki goga, ki ɗaga kai. Ki goga, ki ɗaga kai. Hannu in ba shi da aiki, zuciya yake aikawa yawo."

Haka na fara. Da farko gogawa ɗaya ɗaga kai goma. A hankali abin ya juya. Tsoron bai tafi ba, har yau yana nan, amma ya samu wurin zama, ya daina bi na ɗaki-ɗaki. Murfin farko da na gama ni kaɗai, Inna ta shafa shi da tafin hannu, sannan ta aika wa mai fenti cewa, "Wannan na surukata ne. In ka ga aibi, ni za ka zo ka gaya wa." Wanda yake ganin baho da samfefa kawai ne a lungun nan, bai san abin da yake gani ba.

Babbar dokarta ita ce ta bahunan. Ta ba ni labari cewa farkon fara aikin ta watsa ruwan a tsakar gida, kajinta suka sha, suka bi juna ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan ta haƙa rami a bayan gida, nesa da rijiya, can take juye ruwan da dagwalonsa ta rufe da ƙasa. Bahunan aiki ta huda bakinsu ta ɗaura musu jan tsumma, don ko baƙo ya gane. Ba kofi, ba kwano, ba kayan yara da yake shiga cikinsu. Zanen aikinta a lungun yake kwana. A kan wannan dokar muka yi faɗanmu, ni da ita.

Ina tsakiyar goge madigadi yarinyar ta tsala kuka. Na zabura, na goge hannu a zani, na nufe ta. Sai ga Inna a gabana, ban san lokacin da ta tashi daga turmin ba.

"Ina za ki da hannun nan?"

"Inna, kuka take, za ta shiɗe."

"Ta shiɗe ta farfaɗo. Wuce ki wanke."

"Na goge fa."

"Gogewa wanki ce? Har gwiwar hannu, da sabulu. Ki sake zani. Nonon ma ki wanke shi, na ga ruwa ya fallatsar miki."

Ina wankewa ina kuka, yarinya tana kuka, Inna tana tsaye tsakaninmu. Ita ma ba ta ɗauke ta ba, don nata hannun a jiƙe yake. Sunkuyawa kawai ta yi, hannu a baya, tana mata wasa da muryar nan tata ta masu tallan kifi: "Yi kukanki, takwara, buɗe ƙirji. Uwarki ƙazama ce, yanzu za ta zo." Na yi kwanaki daga gaisuwa ba na ƙara mata komai. Har yau ina ganin tsawar ta yi yawa, da ta faɗa a hankali ma zan ji. Amma ban sake taɓa 'yata da hannun aiki ba.

To, ranar sadakar uku. Gida cike, duk wata roba da kwarya da tukunya an sa ta aiki, har an aro na maƙwabta. Aka surfa gero za a yi gumba. Ina ɗaki ina ba yarinya nono, na fito, sai na ga geron a jiƙe cikin baƙin baho, ga jan tsumma yana reto a bakinsa. Na matsa. Saman ruwan da wani maiƙo yana sheƙi, can gefe ga ɗigo-ɗigon shuɗi ya taso. A ƙofar soro yaran unguwa sun fara taruwa, sun san yau akwai gumba. Gwaggo ce a tsaye a kai tana ba da umarni. Ban taɓa ɗaga ido na kalle ta ba tun da aka kawo ni gidan. Na durƙusa.

"Gwaggo, wannan bahon na aiki ne."

"An wanke shi."

"Ba ya wankuwa, Gwaggo. Robar ta riga ta sha."

"Ke 'yar Achika, yaushe kika zo gidan nan da za ki koya mini wanke baho?"

"Yara ne za su ci. Gumba ce, ko wuta ba za ta gani ba."

"Sadaka ce. Abin da aka yi don Allah ba ya cutar da kowa. Matsa mini."

Mata suka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa. Wata ta ce, "Ai kun san ta, ko inuwarta tsoro take ba ta." Gaskiya ne. Da tsoron na miƙe, na kama bakin bahon na ja shi. Nauyi gare shi, ruwa yana zuba a ƙafata, na ja shi ta gaban kowa har bayan gida, na kifar a ramin Inna, na tura ƙasa na rufe don kar awaki su tona.

Gidan ya ɗauki salati. "Ta zubar da sadakar surukarta!" "Ko lada ba ta so ya isa gare ta." "Dama jira take ta mutu." Gwaggo ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, tana kiran sunan wanta da ya rasu ya bar su da wulaƙanci. Ranar sai da aka samo wani geron a maƙwabta, gumbar ta fito 'yar kaɗan, kuma a makare. Ba wanda ya miƙo mini. Ni 'yar manomi ce, na san abin da ake sha kafin gero ya shiga rumbu, ba sai an gaya mini asara na yi ba. Amma na san Inna. Da tana nan ita ma kifarwa za ta yi, ta haɗa da zagi.

Bayan addu'ar bakwai, baƙi sun ragu, Yaya Babba ya sa aka kira ni. Yana kan kujera, Gwaggo a tabarma, maigidana a gefe ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur.

"Ki ba Gwaggo haƙuri."

Na durƙusa. "Gwaggo, ki yi haƙuri da asarar gero. Ki yi haƙuri na yi magana a gabanki cikin mutane."

"Ki ce kin yi kuskure," in ji Yaya Babba.

"Yaya, wannan ba zan iya ba. Gobe aka sake zubawa, zan sake kifarwa."

"Kun ji ko? To tsaya. Ke da bakinki kika ce abin da ke cikin bahon guba ne. Gubar kike so a bar miki a gida, ga yara, ga taki 'yar tana rarrafe?"

Maganar nan ta soke ni, domin ita ce nake kwana da ita nake tashi da ita. Ya ɗauka ya gama da ni. Sannan na ce, "Yaya, a gidan nan Inna ta raine ku da bahunan nan a lungu. Ba wanda ya taɓa ci a ciki, ba wanda ya taɓa sha. Sai da ta mutu da kwana uku. Gubar a ɗaure take. Ba ita ta fito ba, ɗauko ta aka yi."

Gwaggo ta ce, "Ni kike nufi?"

Na ce, "Dokar nake nufi, Gwaggo. Ni na san ta. A bar ni in riƙe."

Yaya Babba ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Gobe da safe mai gwangwan zai zo. Ke kuma in aikin gareji kike so, hanyar Achika a buɗe take." Na saci kallon maigidana. Ko tari bai yi ba. Ƙani ne, a gaban wansa aka raine shi, na sani. Duk da haka ranar na ajiye masa tuwo ban ce masa ga shi ba.

Da safe na kai yarinya maƙwabta, na dawo na tsaya a bakin lungun. Ban san me zan yi ba, na dai san ba zan matsa ba. Mai gwangwan ya yi sallama, ya bar kurarsa ta ɗaukar kaya a ƙofar gida, Yaya Babba ya shigo da shi. Sai ga maigidana yana turo babur ɗinsa har tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba. Ya kafe shi, ya tsuguna da sifana da sukundireba. Ya kwance murfin gefe, ya kwance ɗayan, ya kwance madigadi. Ya wuce ni ya kwantar da baho, ya zuba su a ciki, ya jawo ruwa a rijiya ya tuttula.

"Kai, me kake yi haka?"

"Fentina ya tsufa, Yaya."

"Da ni kake?"

"A'a wallahi, wane ni. Aiki na kawo." Bai ɗaga kai ba. "Baho da kayan mutum a ciki ai ba a ɗauka. In ta gama nawa, akwai na wasu a tasha."

Mai gwangwan ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce, "Alhaji, in ɗauka ko in tafi? Dama roba ce, ba wani nauyi gare ta ba."

Yaya Babba ya daɗe yana kallon ƙaninsa. Ya ce, "Ku kuka sani." Ya shiga ya ɗauki jakarsa, ya kama hanyar Kano ko sallama bai yi mana ba. Maigidana ya tura babur ɗinsa waje tsirara, batir da wayoyi duk a fili kamar akuyar da aka feɗe, ya tayar ya tafi neman fasinja a haka. Ina jin yaran unguwa suna masa ihu har ya sha kwana.

Gwaggo har yau ba ta cin abincina. In na kai mata sai ta ce ta ƙoshi, in gaishe ta ta amsa wa katanga. Ina ci gaba da kai mata.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata abin da bakinta ya yi gaggawar faɗa, ya saka mata da abin da hannunta ya daɗe yana yi. Ya haskaka kabarinta, ya sa ta cikin waɗanda suka ci guminsu. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Yaya Babba ya aiko cewa magana ba ta ƙare ba, sai ya zo addu'ar arba'in. To, Allah ya kawo shi lafiya. Zai tarar da baho cike da ruwa, ni kuma a zaune.